Yadda Muka Kai wa Isufu Walda Labarin Gadarsa

Tun da muka dawo daga Nijar ban ƙara shan shayi a ƙofar kamfani cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Malam Lawan, wai da gaske ne kun sa ƙauye guda kuka?" In fara bayani, a busa jiniyar shiga aiki, in bar labari a rabi. Shi kuwa abokin tafiyata, Malam Sabo, ladanin masallacinmu, yana can yana ba da nasa labarin, wanda a cikinsa shi bai yi kuskure ko ɗaya ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin yadda ya faru, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Dole in fara da gadar, don sababbin ma'aikata da yawa ba su san ta ba. Tsakanin unguwarmu da kamfanonin Bompai akwai rafi. Mu dai rafi muke ce masa don girmamawa. Da rani kwata ce mai faɗi, ruwanta yana sauya launi gwargwadon abin da kamfanoni suka rina a ranar, yau ja, gobe shuɗi, jibi wani launin da ba shi da suna. Da damina kuwa ba a wasa da shi. Waɗanda suka riga mu sun ce a da tuɓe wando ake yi, a naɗe shi a ka, a shiga ruwan nan a haye, sannan a nemi bayan bango a mayar da mutunci kafin a isa ƙofar kamfani.

Wanda ya raba mutane da wannan wahala shi ne Baba Isufu, mutumin Nijar, mai walda a kamfaninmu na roba. Dogo ne, ba ya son surutu, shi ya koya mini riƙe sifana lokacin da na fara aikin gyaran inji. Ya bi kamfanoni yana roƙon tsofaffin bututu da guntayen ƙarfe, yana haɗawa ranar Lahadi, ya shimfiɗa katakan akwatunan da ake kawo inji a ciki. Har zamaninmu akwai katakon da ke ɗauke da rubutun wata ƙasa da ba wanda ya iya karantawa. Ni na zo na tarar da ita a tsaye, ana ce mata Gadar Walda. In ka tambayi dalilin yin ta, sai a ce wai ruwa ne ya tafi da sabon takalminsa ranar da zai je zance, ya yi fushi. Shi bai taɓa cewa e ko a'a ba.

Faɗinta na mutum ɗaya ne, don haka ta zo da dokokinta, kuma ba wanda ya rubuta su. Mai zuwa aiki shi ke da hanya, mai dawowa ya jira, tunda shi ba ƙofar da za a rufe masa. Mai keke ya saɓa kekensa a kafaɗa. In mai abinci ta taho da kula a ka, kowa ya ja da baya, ko da manaja ne, domin in ta faɗa ruwa shif guda ne zai yini da yunwa. Kullum kafin damina Baba Isufu zai yi mata fenti da ragowar abin da ya samu, shi ya sa ba ta taɓa zama launi ɗaya ba. Aure nawa aka ƙulla a bakin gadar nan wajen jiran hanya, nawa ma yana ciki.

Da ƙarfinsa ya ragu sai ya koma ƙauyensu, can bayan Matamaye, ya bar ɗansa Mamman yana aiki a wani kamfani a Sharada. Bara kuma aka zo faɗaɗa rafin, aka yi masa gini da kankare, aka gina babbar gada ta mota can ƙasa kaɗan. Wata safiya katafila ta ɗaga Gadar Walda kamar ana ɗauke tsani daga jikin bango. Ba laifin kowa ba ne, aikin ma ya yi kyau. Amma na tsaya ina kallo sai da idona ya cika. Na bi 'yan gwangwan na roƙi guntun ƙarfen da ake dafawa, mai tsawon mutum, na kai gida na jingine, uwargida tana tambayata ko shi ma za a riƙa zuba masa tuwo.

Matsalar ita ce ba wanda ya gaya wa Baba Isufu. Duk Juma'a yana kiran Mamman a waya, kuma tambayarsa ta ƙarshe ba ta sauyawa: "Gada fa?" Shi kuwa Mamman sai ya ce, "Tana nan, Baba." Haka aka yi ta tafiya har matar Mamman ta kusa haihuwa, tsohon ya ce zai zo suna, a tanadar masa fenti, kore in an samu.

Mamman ya same mu a masallaci bayan la'asar, duk ya rame.

"Malam, ni ba zan iya ba. In ya sauka a tasha, bakin gadar zai ce a fara kai shi. Mutumin da hawan jini ya riga ya taɓa, ya je ya tsaya ya ga wayam?"

Na ce a kira shi a waya mana, a gaya masa a hankali. Malam Sabo ya dube ni kamar na saki alwala a sahu.

"Irin wannan magana ba a yi wa dattijo a waya, Lawan. Ƙafa ake takawa."

Mamman bai samu hutu ba, don haka aka tsayar ni da Malam Sabo za mu je. Aka kuma tsayar ba za a sanar da tsohon zuwanmu ba, don in ya tambayi dalili Mamman zai fasa ƙwan tun a waya. Malam Sabo ya ce zuwa gaban babba ne, kowa ya sa fararen kaya. Ni kuma na ce zan tafi da guntun ƙarfen nan, in magana ta ƙi fita sai in ajiye masa a gaba ya gane da kansa. Kowannenmu yana ganin dabararsa ta fi.

Mun tashi da safe ta hanyar Daura. A tasha aka fara rigima kan ƙarfe: kamasho ya ce kaya ne, na ce tsaraba ce, direba ya ce ko gawa ce dai a saman mota za ta hau. Aka ɗaure shi a sama. A cikin mota aka matse ni da wata hajiya 'yar kasuwa mai kai bokitai da robobi Damagaram. Na juya gindin bokiti ɗaya na ga tambarin kamfaninmu, na ce mata da alfahari injin da ya fitar da wannan ni ke gyara shi.

"To Alhamdu lillahi da na gan ka," in ji ta. "Me ya sa mariƙinsu ke tsinkewa?"

Daga nan har Kazaure ina amsa laifin kamfani. Malam Sabo ya rufe ido yana jan carbi, amma ina ganin gemunsa yana motsi.

A Daura muka sauka muka yi sallah, muka sha fura, muka sauya mota zuwa bakin iyaka. Tun a nan Malam Sabo ya fara gwajin jawabin da zai yi. Ya ce magana mai nauyi kamar saukar da tulu ce daga kan mutum, ba a fizgewa. Za a fara da gaisuwa, a shiga nasiha, a kewaya, a kewaya, har mai sauraro ya iso wurin da kansa. Na ce to, shi ne malami.

A Kongolam kowa ya sauka aka taka da ƙafa. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka shiga nasu ɓangaren, wani jandarma mai ƙaton gashin baki ya karɓi katinmu na ɗan ƙasa, wanda su suke kira kartidante, ya duba, ya ɗaga kai yana murmushi.

"Kanawa ne. Mi kuka zo saidawa?"

Wanda bai sani ba, tsakaninmu da mutanen Damagaram akwai wasa tun na kakanni, ba a fushi. Na ce ba mu zo sayar da komai ba, ziyara muka zo.

"Bakano ya bar shago ya zo ziyara hannu wofi? Ban yarda ba. Ina kayanku?"

Nan fa na ga dama ta samu. Na gyara tsayuwa na ba shi tarihin gada tun daga tuɓe wando har katafila, na ce kayanmu guda ɗaya ne, guntun ƙarfe, amma a wurinmu ya fi zinariya. Har abokan aikinsa suka matso suna ji. Da na gama ya ce labarin ya shige shi, a ɗauko ƙarfen ya gani. Na dubi Malam Sabo. Malam Sabo ya dube ni. Muka dubi saman mota tare, babu komai sai buhunan hajiya. A Daura, ni na ɗauka ya sa an sauke, shi ya ɗauka na sa an sauke. Ƙarfena yana can a saman motar farko, wataƙila ma ya kama hanyar komawa Kano.

Jandarma ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya miƙo mana katinmu ya ce mu wuce, shekarunsa da yawa a bakin iyaka amma yau ya fara ganin Kanawa sun yi asarar ƙarfe. Na yi dariya tare da su, amma raina ya ɓaci ƙwarai, don yanzu ba abin da ya rage mana sai bakin Malam Sabo.

Daga nan ƙasa ta buɗe, motoci suka ragu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shingensu na hanya. Igiya ce kawai aka ja daga wannan gefe zuwa wancan, an ɗaura mata tsumma, kuma direba ya tsaya cak har a sauke ta. Na ce wa Malam Sabo a kawo igiyar nan titin Bompai mu ga ko za ta kai azahar, masu adaidaita sahu za su tafi da ita har da mai riƙon. Abu na biyu burodinsu, dogo siriri mai tauri, ana ɗaure shi a bayan keke kamar itace. Na saya na gatsa, na tuna da haƙorina na gefe da ya daɗe yana neman dalili.

Mun isa Matamaye da yamma, aka ce motar ƙauyen su Baba Isufu sai ranar kasuwa. Muna tsaye muna shawara sai wani mutum mai sayar da rake ya ji harshenmu ya taso. Alhaji Mati sunansa, ya yi shekaru yana aikin jima a Challawa, har yau in ya faɗi Panshekara sai ya lumshe ido. Ya rantse ba za mu kwana ko'ina ba sai gidansa. Ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo dambu da zogale wanda ya sha man gyaɗa, da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a cikinta. Ita kam sai dai mu Kanawa mu yi shiru, tamu ruwa ce.

Sai aka zo shayi. Mu a Kano shayi kofi ne babba, da madara, a kurɓe a tashi. Su kuwa 'yar mitsitsiyar buta ake ɗorawa a gawayi, a yi ta ɗagawa ana zubawa har ya yi kumfa, a ba ka a ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsa ba. Malam Sabo ya karɓa ya kwankwaɗe gaba ɗaya, fuskarsa ta tattare don ɗaci, ya ce madalla, ya miƙe zai yi alwala.

"Ina za ka, Malam? Na farko ke nan," in ji Alhaji Mati. "Saura biyu. Wanda ya sha na farko ya tashi, ya ce mai gida bai iya ba."

Malam Sabo ya koma ya zauna. Na biyu ya fi daɗi, na uku kamar zuma, amma idanunmu ba su san barci ba sai da gari ya kusa wayewa.

A wajen shayin nan ne aka yi kuskuren da ya jawo komai. Alhaji Mati ya tambayi wurin wa za mu. Muka ce Isufu Walda. Ya ce ya san shi sarai, har ɗansa da ke Sharada ya sani. Lafiya dai? Ni har na buɗe baki, Malam Sabo ya taka mini ƙafa.

"Magana ce mai nauyi, Alhaji," in ji shi, ya sunkuyar da kai. "Ba ta faɗuwa sai a gaban mai ita."

Alhaji Mati ya dubi fararen kayanmu, ya dubi fuskar Malam Sabo, ya ajiye buta. Tun daga lokacin bai ƙara tsokanarmu ba. Ya ce Allah Ya ba mu ladan tattaki, ya fita waje ya jima yana magana da wani mai babur. Mu kuwa muka ce kai, mutanen nan akwai ladabi.

Da safe ya haɗa mu da masu babur biyu, su kabu-kabu suke cewa. Ba mu yi nisa ba yashi ya kama tayoyi, muka sauka muna turawa, babbar rigar Malam Sabo tana jan ƙasa. Ƙarshe wani mai amalanken shanu ya tausaya ya ɗauke mu. Shi ma da ya ji gidan da za mu sai ya cire hularsa ya mayar. Ni dai ina ta kallon gonakin gero ina lissafin yadda za a fara.

Tun daga nesa muka hango jama'a a ƙofar gidan. An shimfiɗa tabarmi a gindin wata bishiya, dattawa sun zauna jere, ga liman da rawaninsa, ga hayaƙi yana tashi daga cikin gida irin na babbar tukunya. Ba mai hira. Na raɗa wa Malam Sabo, "Ka ga karramawa." Ya gyaɗa kai, ya ƙara haɗe fuska don ya dace da taron.

Baba Isufu yana zaune a tsakiya, ya tsufa fiye da yadda na zata, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Lawan, kai suka turo." Ya ƙi sakin hannun. Na ɗauka kewa ce.

Aka nuna mana wuri a gabansa muka zauna. Malam Sabo ya yi gyaran murya ya fara. Gaskiya ban taɓa jin ya yi jawabi mai kyau kamar na ranar ba. Ya gaida kowa da kowa. Ya ce Allah ne ke bayarwa, Shi ne kuma ke karɓa a lokacin da Ya so. Ya ce abin da mutum ya raina da hannunsa, ya ga tasowarsa, rabuwa da shi akwai ciwo, amma mumini da haƙuri aka san shi. Ya ce mu a Kano mun yi rashi, rashin da ya taɓa kowane gida a unguwa. Dattawa suna ta cewa "Allahu Akbar" a hankali. Daga bayan danga na fara jin shessheƙar mata. Na ce a raina, ashe har nan an san darajar gadar nan.

Baba Isufu ya ɗaga hannu, Malam Sabo ya tsaya.

"Malam, ya isa. Na gode. Abu guda za ku gaya mini." Muryarsa ta yi ƙasa. "Inji ne, ko ruwa?"

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Na dubi tabarmi, na dubi liman, na dubi fararen kayanmu. Dattawa biyu daga Kano, ba sanarwa, sun ƙi faɗin abin da ke tafe da su, kuma mutum yana da ɗa a kamfani. Duk tsarin kewayawa da muka ɗauko tun daga Daura na watsar da shi.

"Baba, Mamman yana nan lafiya lau. Shi ya raka mu tasha. Gada ce aka rushe."

Malam Sabo bakinsa a buɗe, sauran jawabin yana ciki. Sai ga Inna Hajo, mahaifiyar Mamman, ta fito daga zaure, mayafi a hannu ba a ka ba, fuskarta sharkaf da hawaye.

"Mi ka ce, ɗan nan?"

"Mamman lafiyarsa ƙalau, Inna. Gadar da Baba ya yi ce aka cire."

"Gada. Ta ƙarfe."

"E, Inna."

Ta zauna a ƙasa daɓas, tana kuka tana dariya, tana nuna mu da yatsa. Da ta samu numfashi ta ce tun jiya da mai babur ya kawo labari ba ta sa komai a bakinta ba. An hau tudu inda ake samun sabis an kira Mamman, waya a kashe. Na ce ai yana shif ne, a ƙofa ake ajiye waya. Ta ce da ta san abin da ya kawo mu ke nan da muciya za ta tarbe mu.

Liman ne ya fara fashewa da dariya, sai kowa ya kama. Wani tsoho ya ce shi dai ya ga abu, Kanawa sun ƙetare iyaka sun zo ta'aziyyar ƙarfe. Wani ya ce a yi musu uzuri, a wurinsu ƙarfe ai ɗan uwa ne. Abincin da aka ɗora don masu zaman makoki aka juye shi a faranti aka ci da annashuwa, har aka kama zakaru biyu aka ƙara. Malam Sabo yana ta bayanin cewa shi bai ambaci sunan kowa ba, ba mai sauraronsa. Da yamma aka rankaya tudu, aka samu Mamman ya tashi daga aiki. Inna Hajo ta karɓi waya ta sa shi ya yi ta magana, ba ta ce masa komai ba, ji kawai take yi.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Cikin duk wannan dariya Baba Isufu bai ce uffan kan gada ba. Ya yi hamdala, ya ci abinci kaɗan, ya shiga ciki. Na kwana ina tunanin mun tsallake ramin da muka haƙa da kanmu, amma abin da ya kawo mu yana nan, kuma na jefa masa shi a fuska gaban jama'a ba ko lallashi.

Da safe ya ce shi zai raka mu inda amalanke yake jira. Muka taho a hankali, yana dogara sanda, ni a damansa, Malam Sabo a hagu. Sai da muka bar gidaje ya yi magana.

"Yanzu ta ina suke hayewa?"

Na ce ta sabuwar, ta kankare, an ɗan ƙara tafiya amma ba yawa.

"Akwai wurin masu ƙafa, ko sai an yi kokawa da mota?"

"Akwai, Baba, gefe da gefe. Har da abin dafawa."

"Masu abinci fa?"

"Yanzu a adaidaita suke zuwa. Sun yi ƙiba."

Ya ɗan yi murmushi. Muka ƙara taku kaɗan.

"Daminar da ta wuce, ruwan ya cika?"

"Ya cika har ya yi ƙara."

"Ya ci wani?"

"Ko akuya bai ci ba, Baba."

Ya tsaya, ya jingina da sandarsa. Sannan ya ce, "Mu biyu ne muka tafi Kano neman aiki, ni da ƙanena Idi." Ban taɓa jin yana da ƙane ba, Malam Sabo ma haka.

"Wata safiya ce da damina. Ni na riga na haye. Shi ya makara, yana tsoron a rufe ƙofa, ruwa kuma ya ƙaru. Ina tsaye a wancan gefe ina ce masa ya bari. Sai washegari aka same shi, can ƙasa." Ya gyara riƙon sanda. "Ni da wani dattijon kamfani muka kawo labari. Da fararen kaya. Inda kuka zauna jiya, nan muka zauna. Shi ya yi magana, kamar yadda Malam ya yi, tiryan-tiryan, ni na kasa. Mahaifiyarmu tana bayan dangar nan, Hajo tana amarya, ita ta riƙe ta. Da na koma Kano na ce in Allah Ya yarda ba za a ƙara tura mutum biyu gidan kowa saboda ruwan nan ba."

Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani irin girmansa da ban taɓa ji ba duk shekarun da na yi ina miƙa masa sifana. Malam Sabo, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga.

"To in ta kankare ta fi tawa tsare wannan, ai ta fi tawa," in ji Baba Isufu. "Ku daina jin nauyi. Ku ce wa Mamman ban yi fushi ba, na san don ni ya ɓoye."

Muka isa wurin amalanke. Ya yi mana addu'a, ya sa aka ɗora mana damin rake da ƙullin gero. Da zan hau ya sake kama hannuna.

"In an haihu zan zo. Kai za ka riƙe ni ka haye da ni ta sabuwar, in ji ko tana motsi. Amma don Allah, Lawan, in wata magana ta sake tasowa, ku zo mutum ɗaya, ko ku zo ku uku. Matar nan ta ga biyu sau biyu, ba za ta iya na uku ba."